Malami ma jiki gare shi

Ranar da na koma aji bayan wata huɗu ina jinya, matattakala ce ta fara nuna mini iyakata. Ajina na lissafi yana hawa na biyu a wata sakandare da ke gefen Manchesta, kuma kafin a yi mini aikin zuciya da sassarfa nake hawa, rungume da littattafan yara talatin. Ran nan sai da na tsaya sau biyu na dafa bango. Shugabar makarantar ta gan ni, ba ta ce uffan ba. Kashegari na tarar an sauko da ajina ƙasa kusa da ƙofa, an kuma cire sunana daga cikin masu tsaron yara lokacin tara.

Ba alfarma aka yi mini ba, haƙƙi ne a rubuce. A yarjejeniyar aikin malaman gwamnati a Ingila, wanda ya shiga shekararsa ta huɗu a koyarwa yana da kwana 100 na aiki da cikakken albashi idan ya kwanta ciwo, sannan wasu 100 da rabin albashi. Dokar daidaito ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin gyara yanayin aiki ga wanda ciwo ya bar wa rauni mai ɗorewa. Komawar ma sannu-sannu aka yi ta: safiya biyu a makon farko, ana ƙarawa har mako huɗu, malamar da aka ɗauko ta riƙe ajina tana nan tana cike gurbin. Asibiti bai karɓi ko kwabo a hannuna ba, tunda daga haraji ake biya.

Amma ina kwance a gadon nan, abin da ya yi ta dawo mini a rai hanyar Azare ce.

Baba, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne a Kano. Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, damina ta kankama, sai ya kwashe mu a fijo ta haya mu tafi Azare gaida kakanni. A Mariri yake sayen goron tsaraba, ya sa a naɗe shi da ɗanyen ganye. A gadar Wudil muke leƙa ruwa, masu soyayyen kifi su zuro faranti ta taga. Daga nan gero da dawa ne hagu da dama, kore shar, ga ƙamshin gasasshiyar masara duk inda aka tsaya, har mu tarar da kogin Jama'are ya cika ya batse. Baba ba ya ajiye malanta don an yi hutu. Kowane allon hanya sai mun karanta masa. Ya juyo daga gidan gaba ya ce, “To, idan direba yana cin kilomita 80 a awa, saura kilomita 60, minti nawa ya rage?” Wanda ya ci, shi ke da kan kifi. A kujerar bayan fijo na fara son lissafi.

Shekarar da hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, ba mu je ba. Kuɗin mota ya tafi a magani, ragon Inna ya bi baya, aka karɓi adashi tun kafin lokacinsa. Bai cika mako uku a gida ba ya koma, domin babu wanda zai riƙe ajin, yara kuwa sun haura ɗari, galibi a ƙasa suke zama. Na taɓa kai masa abinci na same shi tsaye gaban allo, hannun hagu ya tallafo na dama don allin ya daina rawa. Da na yi magana ya ce, “Ɗana, in na zauna wa zai koya musu?”

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ba: zauren gidanmu bai taɓa rabuwa da 'yan dubiya ba. Malamai, iyayen yara, tsofaffin ɗalibai, wannan da kwanon fura, wancan ya tura 'yar takarda ƙarƙashin matashi. “Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne.” Ni a nan kati aka aiko mini da sa hannun abokan aiki da furanni, kuma na ji daɗinsu, amma in ban da mutanen masallaci da 'yan uwa Hausawa biyu-uku, ƙofata shiru take. Na yi kewar wannan zauren har hawaye.

Duk da haka dubiya ba ta ba Baba hutun da jikinsa ke nema ba, kuma nan ne nake ganin muna zaluntar malamanmu. Mun mayar da “a yi haƙuri” magani. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 na aiki, a shekarar kuma aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya. Madalla. To wanda za a riƙe a aji har ya haura sittin, dole wata rana jiki ya motsa. Wa zai tsaya masa a ranar? Ɗaukar malamin cike gurbi yana son kuɗi, na sani. Amma rage wa mai jinya darasi na wata guda, sa masa kujera gaban allo, sauke masa taron safe, wannan hedimasta da jadawalinsa sun isa su yi shi gobe.

A watan Agustan da ya wuce na ɗauki iyalina muka hau babbar hanyar M6 zuwa tafkin Windamiya da ke arewacin Ingila. Likita ya ce in riƙa tsayawa ina miƙe ƙafa, don haka duk awa guda sai mu ratse. Babu mai zuro kifi ta taga, sai tumaki a kan tuddai da yayyafi. Da muka wuce wani allo na ji bakina ya ce, “Saura mil 30, muna cin 60 a awa, minti nawa?” 'Yar autata ta ɗago daga waya ta ce, “Talatin, Abba. Me na ci?”