Kacici-kacici ba a gaggawa da shi, a bar yaro ya ba da gari

Jiya da daddare a gidanmu a unguwar Jekadafari da ke Gombe an ɗauke wuta, wayoyi duk ba caji, sai yaran suka taru kan tabarma wajen Goggo, ina daga gefe ina jinsu. Ta ce ƙulin ƙulifita, suka haɗa baki suka ce gauta. Ta ce shanun gidanmu dubu maɗaurinsu ɗaya, ƙaramar cikinsu ta ce tsintsiya tun kafin ta rufe baki. Sai ta jefo musu tsumangiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba, nan fa aka yi tsit. Wannan ya ce maciji, wancan ya ce bulalar malam, Goggo ta ƙi cewa komai sai murmushi. Da suka gaji ɗan ƙanwata ya ce Goggo mun ba ki Kumo, ta ce ba ta so, ya ce Bajoga, ta ce a'a, sai da suka ba ta Makka sannan ta karɓa ta ce yunwa ce. Wallahi ihun da yaran nan suka yi har maƙwabta sun ji.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne yadda muke yi wa kacici-kacici yanzu a gurup-gurup na WhatsApp, abin yana damuna sosai. Mutum zai turo tambaya, ko minti biyu ba a yi ba ya biyo ta da "satar amsa: harafin farko G ne, ana cinsa da tuwo", to me ya rage? Ko kuma wani ya riga ya taɓa ji, maimakon ya yi shiru ya bar waɗanda ba su sani ba su ɗan wahala, sai ya watso amsar kawai don a ce shi ne na farko. Wasu kuma su ɗauko na Turawa wanda duk dabararsa a haruffan Turanci take su juya shi Hausa, ya fito ba kai ba gindi.

Ni a ganina haske da ake ba mai canka bai kamata ya zama rabin amsa ba, kamata ya yi shi ma ya zama wani ɗan ƙaramin kacici-kacicin, ya matso da kai kusa amma kai za ka ƙarasa da ƙafarka. Bari in nuna da wanda na shirya wa yaran da kaina:

Ƙafa uku gare ni, na fi murhu sauri,
Mai nake sha, ba ruwana da gishiri,
Kullum ina yawo, na san lungun gari.

Da gangan na sako murhu a ɗangon farko, saboda duk yaron da ya san uku-uku ta gama gari can hankalinsa zai fara tafiya, sai na toshe masa hanyar tun da wuri. Suka yi ta lalube, wata ta ce tukunya, wani ya ce janareto saboda mai. Suka ce Kawu ba mu haske. Na ce ba shi da rai amma da safe sai ya yi tari kafin ya tashi. Shiru. Na ƙara musu da cewa idan fetur ya yi tsada shi ma sai ya ƙara kuɗi. A nan ne babbar ta miƙe tsaye tana tsalle tana cewa Keke Napep ne, Keke Napep ne! Da a ce tun farko na ce musu abin hawa ne da ke cika Tashar Dukku, da na kashe mata wannan murnar, ita ce kuma ribar wasan gaba ɗaya.

Sai batun amsa-amo. Gaskiya yawancin na gargajiya ba su damu da shi ba, baba na ɗaki gemunsa na waje ba wata ƙafiya, wato amsa-amo, a ciki, hoton ne kawai ya riƙe shi. Amma idan za ka rubuta sabo, ƙafiya tana taimako ƙwarai don ita ke sa ya zauna a ka, yau da safe na ji yaran suna rera nawa kamar waƙa a hanyar makaranta. Sai dai dan Allah a daina na ragwanci, wato kowane layi ya ƙare da "ba", ba kaza ba, ba kaza ba, a ce wai an yi amsa-amo. Kuma kar a cusa kalmar da ba ta da aiki don kawai sautin ya dace, duk kalmar da ke ciki ko dai ta nuna hanya ko ta ɓatar da mai canka, in ba ta yin ɗaya cire ta. Mu nan ba mu da uzuri ma, kafin 1996 da Gombe da Bauchi jiha ɗaya ce, kuma Bauchi ce ta haifi Malam Sa'adu Zungur wanda ya rasu a 1958, ku duba yadda ya riƙe sautin "ya" tun daga farko har ƙarshe a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ba tare da ma'ana ta zube ba.

Malaman Hausa kuma ina roƙo, kacici-kacici yana cikin adabin baka da ake koyarwa, amma kar ya tsaya a haddar guda goma don jarrabawa. A sa kowane ɗalibi ya ƙirƙiro nasa a kan abin da yake gani kullum, caja, rake, injin markaɗe, ya kawo da haskensa guda biyu, ajin ya canka, wanda ya kasa ya ba da gari.

Ga wani na bar muku, wanda ya sani tun da ya yi haƙuri ya ɗan jira:

Da sunana jariri ke kiran uwa tun safiya,
Ganyena a turmi, garina a miya,
Na girmi kakanka, ina nan tsaye a bakin hanya.

Haske ɗaya ne tak, tuwon dawa ya san ni. Wanda ya kasa ya ba ni gari, amma fa Deba da Nafada an riga an ba ni jiya.