Kalash ba abin ado ba ce

Samarin Damagaram, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro bai taɓa ɗaukar bindiga ba, amma ya liƙa hoton kalash a shafinsa na Facebook, ƴan fadarsu na ta zuba masa kirari. Ƙannena, ku fara sanin ko mece ce ita.

Mikhail Kalashnikov, sojan tankar yaƙi na Tarayyar Sobiyet da aka ji wa rauni a 1941, shi ya tsara ta. AK-47 ake ce mata saboda shekarar 1947, rundunar ƙasarsu kuma ta karɓe ta a 1949. Harsashinta 7.62x39 ne (kaurinsa da tsawon kwansonsa ke nan a milimita), gidan harsashin na cin 30. In mutum ya danne kunama bai saki ba, tana aman wajen 600 a minti, wato kafin ka gama amsa sallama talatin ɗin nan sun fita. Tana samun mutum daga mita 300. A 1959 aka fito da sabon samfurinta, AKM, wadda ba ta wuce kilo uku da ɗan wani abu ba, ƙasar Sin ma ta buga tata mai suna Type 56.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ne ba ta da tsirfa. Ba a matse ƙarafan cikinta ba, an bar musu wurin motsi, hayaƙin albarushi ne ke tura su baya. Don haka ƙurar hunturu da rairayin Tanut ba su cika sa ta cije ba, kuma da hannu kawai ake kwance ta a goge a mayar. Wannan alheri ne ga sojanmu da ke kwana a daji. Amma halin nan nata shi ya sa ɓarawon shanu ke binne ta, ya tono bayan damina, ta tashi garau. Tun da aka wawashe rumbunan makaman Libiya a 2011 muke ganin sakamako. Ku tambayi mutanen Boso da Difa abin da suka gani tun 2015, ko ƙauyukan Maradi na bakin iyaka.

Mu ba baƙin makami ba ne. Zamanin Sarki Tanimun a nan garin ake zuba igwa, a haɗa albarushi. Sai dai makamin nan na sarauta ne, an san hannun da yake. Haka ta soja take yau: tana da lamba, da sa hannu ake fito da ita, da lissafi ake mayar da harsashi.

Wadda ke hana ni barci ita ce wadda babu sunanta a littafin kowa. Ina roƙon hukuma ta bi ƙauye-ƙauye tare da hakimai da limamai, ta buɗe hanyar da mai ɓoye da ita zai miƙa ba tare da fargaba ba, ta kuma tsananta bincike kan motocin da ke gangarowa daga arewa.