Fim ɗin da ya ɓace ma yana da haƙƙin shiga rajista

Ranar 30 ga Afrilu 1901 aka nuna fim ɗin farko da aka shirya a ƙasar Hungari, mai suna A táncz, a zauren Uránia da ke Budapest. Saboda shi ne 'yan ƙasar suke bikin ranar finafinansu kowace shekara a wannan rana. Amma fim ɗin kansa ya salwanta, 'yan hotunansa kawai suka saura.

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin finafinai marasa sauti kusan 600 da aka yi kafin zuwan masu magana a 1931, mafi yawansu sun ɓace. Zaren da ake ɗaukar fim a kansa a wancan zamani yana ruɓewa, ga saurin kamawa da wuta, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza Budapest. Sai a 1957 aka kafa ma'adanar finafinai ta ƙasa.

Wasu za su ce ɓata kuɗi ne a zauna ana rubuta sunan fim ɗin da babu mai sake kallonsa a rajistar finafinan ƙasar, gara a gyara waɗanda ke hannu. Ni ban yarda ba. Wanda bai san adadin awakinsa ba, ko ɗaya ta ɓata ba zai fita cigiya ba.

Dubi fim ɗin A tolonc, wanda Kertész Mihály ya ba da umarni a 1914. Shi ne mutumin da daga baya ya koma Amurka, ya zama Michael Curtiz, ya yi shahararren fim ɗin Casablanca. An daɗe da cire rai da wannan fim, sai aka tsinci kwafinsa a wani gidan al'adun 'yan Hungari da ke New York. Aka maido shi gida, aka gyara, aka sake haska shi a 2014. Tsohon zare irin wannan kan zo ba suna, ko da sunan da wata ƙasa ta laƙaba masa. Abin da ke taimaka wa masana su gane shi, shi ne bayanan da aka tattara daga tsoffin jaridu da takardun talla da hotunan 'yan wasa.

Sai kuma wata matsala da ta fi ɗaure kai: a ina aka yi fim ɗin A tolonc? A Kolozsvár, garin da ke cikin Hungari a lokacin, inda Janovics Jenő ya kafa kamfanin shirya finafinan da Korda Sándor, wanda daga baya ya yi suna a Ingila a matsayin mai shirya fim Alexander Korda, shi ma ya yi aiki. Yarjejeniyar sulhu ta Trianon, da aka ƙulla a 1920 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta miƙa garin ga Romaniya, yau ana kiransa Cluj-Napoca. In aka bi taswirar yau wajen rajista, wannan babi gaba ɗaya ya faɗa tsakanin ƙasashe biyu. Shi ya sa nake ganin harshe da mutanen da suka yi aikin ya kamata a bi, domin har yanzu akwai masu jin Hungariyanci a Romaniya da Sulobakiya da Sabiya da Yukiren.

Finafinan daraktocin Hungari István Szabó da László Nemes, da suka ci kyautar Oscar a 1982 da 2016, ba su rasa masu adana su ba. Waɗanda ke buƙatar ma'aikacin rajista mai haƙuri su ne na shekarun 1910, waɗanda wataƙila wasunsu na nan cikin gwangwani a ma'adanun wasu ƙasashe, da sunan da ba nasu ba.