Naman Layya Da Ƙofa Mai Sarƙa

Shekarata bakwai a Liyon ta ƙasar Faransa, har na ɗauka na gama sabawa da halin mutanen garin nan, babu sauran abin da za su yi ya dame ni. Sai ga babbar sallar bana.

A nan ba a yanka a gida, doka ta hana. Tun da sauran mako uku za ka je wurin mahauci ka rubuta sunanka ka ba da kuɗi, a yanka maka a mayankar da hukuma ta yarda da ita, sannan ka je ka karɓo ragonka an sassare shi cikin kwali, da lamba a jiki kamar kayan tasha. Babu itace, babu hayaƙin nan da ke lulluɓe Birni da Zango a garinmu Damagaram idan an banƙare raguna an kewaye wuta da su. Maiɗakina ta soya a kicin, ta buɗe taga saboda ƙauri. Ta zaɓi tsoka mai kyau ta cinya, ta zuba a kwano mai murfi, ta ce in kai wa tsohon da ƙofarsa ke kallon tamu.

Bari in kwatanta muku gidan, don ku gane. Bene ne mai hawa shida a Vilurban, nan jikin Liyon, mu muna hawa na huɗu. Kafin ka shiga ƙofar waje sai ka danna lambobi huɗu na sirri. Daga ciki akwai jerin akwatunan wasiƙa, a nan kaɗai za ka ga sunayen waɗanda kuke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da su. Fitilar baranda kuwa sai ka danna ta, ta yi kamar minti ɗaya ta mutu da kanta, wai kada a ɓata wuta. Wannan tsoho ya haura saba'in. Shekara huɗu muna haɗuwa da shi a asansar, wato na'urar hawa bene. Da safe "bonjur", da dare "bonswar", daga nan kowa ya kafa wa lambobin hawa ido kamar yau ya fara ganinsu.

Na ƙwanƙwasa. Ƴata mai shekara shida tana riƙe da gefen rigata, ta sha lalle da kayan salla. Na ji takunsa, na ga ƴar hudar leƙe ta yi duhu, makulli ya juya sau biyu. Ƙofa ta buɗe faɗin tafin hannu, sarƙa na riƙe da ita. Na ce, "Mushe, yau sallarmu ce, ga ɗan nama mun kawo maka." Ya dubi kwano, ya dube ni, ya ce, "Me ya sa?" Ban shirya wa wannan tambaya amsa ba. Ina ƴan kame-kame ya ce, "A'a, na gode, ina da abinci." Ya rufe a hankali, ba da faɗa ba, gara ma a ce da faɗa ne. Daidai nan fitila ta mutu. Muna tsaye cikin duhu da kwano a hannu, yarinyar ta tambaye ni da Faransanci, "Baba, laifi muka yi?"

Bayan kwana biyu aka manna takarda a asansar, bugun kwamfuta, babu suna babu sa hannu: ana roƙon mazauna gida su kula da warin girki da hayaniya bayan ƙarfe 10 na dare. Ban ce shi ne ya rubuta ba. Amma a gidan nan duka mu kaɗai muka yi layya.

"Me ya sa?" Ku da ke gida, ku faɗa mini, wa ya taɓa tambayar yaron da ya yi sallama da tire ranar rabon nama me ya sa?

Na kai ƙara wurin wani abokin aikina a sito, Bature ne ɗan Marsey. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce ai ba don ni baƙar fata ba ne, shi ma shekararsa biyar a Liyon bai taɓa ganin falon maƙwabcinsa ba. Ban yarda da shi duka ba, amma akwai gaskiya a ciki. Su kansu Faransawa sun san garuruwansu ba hali ɗaya ba. Mutanen Liyon sun yi suna da kame kai. Tsohon garin attajiran siliki ne, kuma ko gininsa ya nuna: a tsohuwar unguwa akwai lunguna da ke ratsa cikin gidaje daga wannan titi zuwa wancan, amma bakinsu ƙofa ce rufaffiya, in ba a nuna maka ba sai ka wuce sau ɗari ba ka sani ba. Ran 8 ga Disamba suna jera kyandir a tagogi, gari ya yi kyau ƙwarai, jama'a ta cika tituna. Kyandir a waje, ƙofa a kulle.

Marsey kuwa, jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa biyu ba daga nan, amma sai ka rantse wata ƙasa ka shiga. Kana saukowa daga dogon matakalar tashar San Sharl za ka fara jin muryoyi. A kasuwar Nowayi na ga Larabawan Aljeriya, mutanen Komoro, ƴan Senegal, kowa na kiran ciniki da ƙarfi, har na ji kamar Kasuwar Dole ce aka ɗauko aka dire bakin teku. Masu kifi a tsohuwar tashar ruwa suna zolayar mai saye. Wata tsohuwa a cikin bas ta ba ni labarin ciwon gwiwarta da ɗanta da ba ya kiranta, tun daga inda na hau har inda na sauka, ba ta ko tambayi sunana ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai na lura wannan fara'a a titi take tsayawa, hira ce ta mutanen da ba za su sake haɗuwa ba. Paris ba sai na faɗa ba: a meturo, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutum ɗari a tarago ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma in ka haɗa ido da wani kai ne mai laifi. Ƴan uwanmu da ke karatu a Lil suna cewa mutanen arewa sun fi sakin fuska duk da sanyi da ruwan sama, ni dai kwana biyu na yi can. Har sumbar kumatu da suke gaisawa da ita lissafi gare ta: biyu a Liyon da Paris, uku a wajen Monpeliye, wasu wuraren huɗu. Gaisuwa da ƙidaya!

Kada a ce ban yi adalci ba. Suna da ladabinsu. Ka shiga wurin mai burodi ba ka ce "bonjur" ba, za ka ga yadda fuska ke canzawa. In ka faɗi a titi, baƙon da bai san ka ba zai kira motar likita, ta zo, a ɗauke ka ba a fara tambayar kuɗi ba. Ba wanda ya taɓa tambayata nawa nake ɗauka a wata, ko me ya sa har yanzu ƴa ɗaya gare mu. Mu kuwa mun san sa ido na gida, mun san abin da ake yi a fada bayan an sauke shayi na biyu, mun san dambe a bakin fanfo ranar da ruwa ya zo bayan kwana da kwanaki. Kuma garinmu da ya ware unguwar Kara-Kara ya tura kutare can bai kamata ya cika baki da yawa ba. Ko a ƙasarmu ma ba ɗaya muke ba. Na zauna Yamai shekara biyu kafin in fito, akwai unguwannin da katanga ta fi mutum biyu tsawo, mai gadi ne zai amsa maka sallama. Sun karɓe mana babban birni a 1926, amma gaisuwa ba su tafi da ita ba. Maraɗi za a tarbe ka hannu biyu, ana yi ana auna abin da ka zo saye. Abokan wasanmu Kanawa kuwa, bari in yi shiru, azumi na tafe wata shekara.

Duk da haka in aka ɗora a sikeli, ni na san inda ya rinjaya. Ƙasar da sai da aka ware rana guda a shekara, aka sa mata suna bikin maƙwabta, aka fara a Paris a 1999, don mutanen bene ɗaya su sauko tsakar gida su ji sunan juna, wannan ƙasa ta san ciwonta. A zafin watan Agusta na 2003 mutum wajen 15,000 suka mutu a Faransa, yawancinsu tsofaffi, da dama su kaɗai a ɗaki. Mu kowace shekara Afrilu da Mayu zafi na haura 40 a Damagaram, ga ɗaukewar wuta, ga ƙishin ruwa, kuma yana kashe mana tsofaffi mu ma. Amma tsohuwa ba ta wuni ba a gan ta ba sai an aika yaro ya leƙa.

Na san haka domin Inna tana Garin Malam, ni ina nan. In fanfo ya ƙafe, ɗan maƙwabciyarta ne ke turo mata bido biyu a kura. Shi ne ke riƙe mata waya in na kira ta WhatsApp, don idonta ya yi rauni. Da ta yi zazzaɓi da damina, kafin labari ya iso ni an kai ta likita an dawo da ita. Ni kuɗi nake aikawa, jika kaza ƙarshen wata, in kwanta ina jin na sauke nauyi.

Zuwana na ƙarshe gida, wani dattijo abokin marigayi Baba ya tare ni a ƙofar masallaci. Ina gajiya, ina iyali, ina sanyin can, ina aiki, ya koma ina gajiya. A karo na uku na duba agogo. Ya gani. Bai ce komai ba, ya sake mini hannu ya ce Allah ya yi albarka. Da yamma na ce bari in buga wa gwaggona waya in ji ko tana gida kafin mu je, Inna ta dube ni ta ce, "Yau kuma izini ake nema a je gidan Gwaggo?" Da muka isa, ƴata ba ta durƙusa ba, kumatu ta miƙa. Aka yi ta dariya ana cewa ƴar Nasara ta zo. Ni ma na yi dariyar, amma a daren ban yi barcin kirki ba.

Naman dai mun ba matar da ke share matakala ranar Litinin, ƴar Komoro ce, ta karɓa da hannu biyu tana ta addu'a. Da daddare na kira gida. Bayan barka da salla da Allah ya maimaita mana, Inna ta ce, "Kun dai kai wa maƙwabta ko?" Na ce mun kai. Ta ce, "Madalla. Tsohon nan da ka ce shi kaɗai ne, ka gaishe shi, ka ce ina yi masa ya jiki."