Hayaƙi kaɗan, sai su ce a sauke inji

Wallahi wasu makanikan ƙauyukanmu sun ishe mu. Duk motar da ta yi hayaƙi, magana ɗaya ce a bakinsu: "Alhaji, ringi ne, sai an sauke inji." Ba gwaji, ba dubawa, ko bonet ba a gama ɗagawa ba an yanke hukunci.

Mota Sharon gare ni mai injin 1.8 mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi, da ita nake jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari ranar Alhamis. Ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, in na taka totur sai ta riƙa kuka kamar jiniya. Bakanikenmu ya sauke inji, ya canja ringi, ya karɓi kuɗin da sai da na sayar da buhunan riɗi kafin na haɗa. Hayaƙi yana nan daram!

Sai da na kai ta Kano. Wani yaro, ko gemu bai fara ba, ya kwance tiyon iskar da ke bakin turbo. Cikinsa sharkaf da mai. Ya sa yatsa ya taɓa sandar farfelar turbon, tana lilo. Ya ce, "Baba, ai turbo ne ya mutu, injinka lafiyarsa ƙalau." Haba jama'a!

Shi wannan turbon hayaƙin inji ne ke juya shi, fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin mai ne kaɗai ke riƙe da shi. To wane mai ake zuba mana? Na durom, wanda ake aunawa a galan a bakin titi, ba wanda ya san asalinsa. Zafi na dafa shi ya daskare, ya toshe siririn bututun da ke kai wa turbo mai, ya toshe rariyar ƙasan inji. Ba bakaniken da ya taɓa ce mini in na sha doguwar tafiya in bar ta a silo na minti ɗaya ko biyu kafin in kashe. Filtar iska kuwa, da ƙurar hunturun nan tamu, buga ta ake yi a jikin taya a mayar. Yashin da ya wuce shi ke cinye farfela.

In mota ta yi zafi, maimakon a wanke lagireto, sai a haɗa fanka dairek. In tana shaƙewa, a ce fulogi, alhali koyil ne, wanda ke ba fulogin wuta.

Da na koma wa bakanikenmu na ƙauye da maganar, ko kunya babu, wai in bari ya toshe turbon gaba ɗaya, "ai ƙarin wahala ne kawai." Da lodin mutum da kaya za ta ja ba turbo? Kuɗina fa? Ya ce aiki dai ya riga ya yi. Yanzu sai na nemo turbo na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, ga Alhamis ta ƙarato mota na kan dutse.