Jinyar Da Ke Farawa Bayan An Sallamo Shi

'Yan'uwana matasa, yau maganata a kan wani gida take, wanda kusan kowannenmu ya san irinsa: gidan da wani nasu ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, Allah ya yi da sauran kwana, aka sallamo shi daga asibiti. Ko hatsarin mota ne ko na babur, ko faɗowa ya yi daga sama, ko duka aka yi masa a ka, ko numfashi ne ya ɗauke na wasu mintuna har ƙwaƙwalwa ta rasa iska.

A kwanakin farko ba a barin mu a baya. Labari na iso mu, mun cika harabar asibiti, wani ya ba da jini, wani ya haɗa gudummawa, hotonsa ya zagaye WhatsApp ana neman addu'a. Allah ya saka da alheri. Ranar da ya buɗe ido kowa ya yi hamdala. Daga nan a sallamo shi, ɗinki ya kame, gashi ya rufe tabo, ga shi yana takawa da ƙafarsa. Sai mu ce ai ya warke, kowa ya kama gabansa. To a daidai nan ƙorafina yake, domin ranar da muka juya baya ita ce ranar da mutanen gidan suka fara tasu jinyar.

Yana da kyau ku san abin da likita ke aunawa lokacin da mutum ke kwance. Tun shekarar 1974 wasu likitoci biyu a birnin Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar da ma'aunin zurfin suma da asibitocin duniya ke amfani da shi har yau. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka, rauninsa mai tsanani ne. Ma'aunin yana taimaka wa likita ya ceci rai, amma ba zai gaya wa matar mutum ko mijinta zai iya riƙe fushinsa nan da shekara guda ba. A wannan birnin dai, masu bincike sun bi iyalan waɗanda suka samu mummunan rauni a ka, suka fitar da sakamako a 1986. Sun tarar cewa nauyin da dangi ke ji bayan shekara biyar ya fi wanda suke ji a shekarar farko, kuma abin da ya fi gallabarsu sauyin hali ne, fiye da ɗingishi ko shanyewar hannu. Ku lura da kyau: a lokacin da mu muka daɗe da mantawa, su wahalarsu ƙaruwa take yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke tsara aiki, shi ke sa mutum ya auna magana kafin ta fito, shi ke zaburar da shi ya tashi ya fara abu. Ƙashin da wannan sashe ke zaune a kai yana da kaushi da tudu-tudu, saboda haka idan kai ya bugu da ƙarfi ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, nan ne ke yawan jin jiki. Idan ya taɓu, sai mutum ya zama kamar mota mai lafiyayyen inji da birkinta ya tsinke. Abin da ya zo zuciyarsa shi zai fito bakinsa. Mai kunya ya koma zagi a gaban surukai, mai tattali ya koma watsa kuɗi, mai zafin nema ya wuni a zaune yana kallon bango. Wani kuma kuka ko dariya ke kuɓuce masa ba tare da dalili ba.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, nakiya ta tashi da sandar ƙarfen da yake aiki da ita, ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, yana tafiya yana magana. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa natsattsen mutumin nan ya koma mai gajen haƙuri da ashar, har waɗanda suka san shi suka ce ba shi ba ne. An fi ba da labarin a tsaya nan, alhali ci gabansa ya fi amfani gare mu: daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawakai na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar tsari da iya hulɗa da jama'a. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi. Ke nan hali na iya gyaruwa idan aka samu tsari da lokaci.

Yanzu ku leƙa cikin gidan majinyacin namu da safe. Matarsa ta ajiye masa kaya a bakin gado, ta ce ya shirya za a koma ganin likita. Ta je ta sallami yara, ta dawo ta same shi zaune yadda ta bar shi, riga a hannu. Ya ji maganarta sarai, ya kuma san yadda ake sa riga, amma abin da zai tayar da shi ya fara ne babu. Ta ce, "Baban yara, lokaci fa yana tafiya." Sai ya daka mata tsawar da ta sa ƙaramin yaron ya ruga bayan ƙofa. Bayan minti goma ya manta an yi, yana tambayarta me ya sa idonta ya yi ja. Da yamma ƙaninsa ya shigo, suka yi hira ta rabin awa lafiya lau, ya fita yana cewa, "Wallahi Yaya garau yake, ita ce dai ba ta da haƙuri." Wannan magana zalunci ce, kuma daga bakin irinmu take fitowa. Mai irin wannan rauni yana iya tattara ƙarfinsa ya yi rabin awa tsaf a gaban baƙo, baƙo na fita ya zube. Kai rabin awar ka gani, sauran wunin da daren ita ta san su.

Saboda haka ku daina kiransa malalaci, ku daina cewa ya samu wuri ne, ko dama can halinsa ne yake ɓoyewa. Ku kuma gyara yadda kuke zuwa duba shi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma wadda ta ji rauni sai ta yi aiki ninki kafin ta fahimci abin da a da take kamawa nan take. Ku shida ku shiga ɗaki, talabijin na kunne, kowa na magana a lokaci guda, sannan ku yi mamaki da ya fusata ko ya juya muku baya. Ku je ɗaya ko biyu, ku kashe abin da ke ƙara, mutum ɗaya ya yi magana, gajeriya, a jira amsa. Kuma don Allah ku bar yi masa jarrabawa. "Ka gane ni? Waye ni? Faɗi sunana!" Wannan tozarci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Faɗi sunanka da kanka, ka tuna masa inda kuka saba, ka wuce.

Wani kuma harshe ne ke ɗaurewa, musamman idan raunin a ɓangaren hagu yake, inda mafi yawan mutane ke sarrafa magana. Ya san abin da yake son faɗa, kalmar ce ta ƙi zuwa. Hankalinsa na nan. Kar ku ɗaga masa murya kamar kurma, kar ku riƙa yi masa maganar yara, kar ku tsaya a kansa kuna tambayar mahaifiyarsa "yaya jikin nasa" shi kuwa yana kallonku. Tsohuwar 'yar majalisar Amurka Gabby Giffords, wadda aka harba a ka a birnin Tucson a watan Janairun 2011, da irin wannan matsala ta tashi, kuma rera waƙa na cikin abubuwan da masu koyar da magana suka bi da ita har kalmomi suka fara dawo mata. Shekaru ta yi tana wannan atisaye.

Akwai wani abu da ya shafe ku kai tsaye, ku abokansa. Raunin kan hana mutum gane cewa yana da rauni. Ba taurin kai ba ne, sashen da zai nuna masa gazawarsa ne ya taɓu. Zai rantse muku ya warke, gida ne suka takura masa, ku ba shi makulli ya ɗan zaga. Kar ku ba shi sai likita ya amince. Kar ku miƙa masa giya ko ƙwaya da sunan ya warware, domin suna iya tayar da farfaɗiya, su kuma dagula magungunansa. Bugu na biyu a kan da bai gama warkewa ba ya fi na farko haɗari. Idan farfaɗiya ta kama shi a gabanku, kar ku danne shi, kar ku cusa masa komai a baki. Ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ku juya shi gefe guda, ku duba agogo. In ta wuce minti biyar, sai asibiti da gaggawa. (Ku ma da ke hawa babur kai a buɗe: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma hular kwano da aka ɗaure daidai tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin ɗari.)

Sai mai jinya, wadda kusan kullum mace ce, uwa ko mata ko 'ya. Wata malamar jami'ar Minnesota, Pauline Boss, ta yi shekaru tana nazarin irin rashin da ba shi da gawa, inda mutum ke nan da jikinsa amma wanda aka sani ya tafi. Wadda mijinta ya rasu ana yi mata ta'aziyya. Wannan kuwa barka ake yi mata, ana ce mata ta gode Allah. Tana godiya, amma tana kewar mutumin da ta aura, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa ba tare da an ce ta yi butulci ba. Idan ta buɗe baki ta ce ta gaji, ku saurara kawai. "Ki yi haƙuri" ba ta da tsada a bakin wanda zai koma gidansa ya yi barci har safe.

Haka nan "in kina buƙatar wani abu ki kira ni". Ba za ta kira ba, kun sani. Zumunta a ƙafa take. Ka ce, "Anti, duk Asabar da safe ni zan zauna da shi, ki je ki huta." Wani ya ɗauki kai shi wurin gashi da atisayen gaɓoɓi. Wata ta ɗauki duba karatun yara. Wanda ya iya rubutu ya buɗe littafi guda, a riƙa rubuta magunguna da lokutansu, da ranar da ya fusata da abin da ya faru kafin nan, da yadda barcinsa yake, a tafi da shi duk ranar ganin likita. Sau da yawa a cikin littafin nan ake gano cewa fushin yana zuwa ne bayan gajiya, ko yunwa, ko hayaniya, sai a kauce musu. Ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa shekara biyu, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Sauƙi ya fi sauri a watanni shida na farko, amma yana ci gaba a hankali har shekaru, kuma a wannan doguwar tafiyar ake buƙatarku.

Wani abu kuma dole in faɗa ƙarara. Cewa ciwo ne ke sa shi duka ba ya nufin a bar mace ko yaro su zauna ana dukansu. Idan abin ya kai ga hannu, a sanar da likita, akwai magani da dabarun rage shi, a kuma samu namiji cikin dangi da zai riƙa kwana kusa. In ta kama a raba musu wurin kwana na wani lokaci, a raba, kar wani ya zarge ta. Yara kuma a yi musu bayani daidai hankalinsu: Baba ya ji ciwo a cikin kansa, shi ya sa yake faɗa, ba laifinku ba ne. Yaron da ba a yi wa bayani ba, kansa yake ɗora wa laifi.

Kai kuma matashin da ke cikin gidan, wanda ya wayi gari yana yi wa mahaifinsa wanka, ko ke da kika ajiye karatu don jinyar yayanki, Allah ya san abin da kuke ciki. Jin haushi wani lokaci bai sa kun zama marasa imani ba. Idan barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, kuka ya zama na kullum har makonni, ciwon damuwa ne, yana da magani, ku gaya wa likita. Shi ma majinyacin a sa masa ido, domin damuwa na yawan biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa, musamman lokacin da ya fara gane abin da ya rasa. Idan ya fara cewa gara ma ya mutu, kar a ɗauka magana ce kawai. A kawar da magunguna da makamai daga kusa da shi, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.