Kiɗan Romawa da na'ura, ina rabon makaɗan?

Na karanta labarin nan naku na yadda DJ-DJ a Turai ke haɗa kiɗan Romawa (wato ƙabilar Roma da ake kira Gypsy, ba mutanen birnin Rum ba) da bugun kwamfuta, wallahi abin ya taɓa ni don ni mai son kiɗan nan ne sosai. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan Fanfare Ciocărlia, ƙungiyar Romawa masu busa na ƙauyen Zece Prăjini a Romaniya suna busa, kumatu a kumbure, gumi na zuba, yatsu na gudu kan ƙahon ƙarfe kamar ba na mutum ba, ya san saurin nan ba injin ya koya musu ba, a gidajen biki suka gaje shi tun kaka da kakanni. Ni ban ƙi haɗin ba fa, tun 2003 da aka fitar da faifan Electric Gypsyland mai irin wannan haɗin, kiɗan Taraf de Haïdouks, wata ƙungiyar makaɗan Romawa ta Romaniya, ya shiga kulob-kulob, matasa da yawa ta nan suka san su. Abin da ke damuna kawai a yanki busar mutum a ɗora kan bugun kwamfuta a ci kuɗi, shi ko sunansa ba a ambata ba, alhali har yau ana ƙyamar Romawa a ƙasashen da ake rawa da kiɗansu. Don Allah in za ku sake rubutu ku ji ta bakin makaɗan su ma.